Malama Sa'ida da lambar da ta zo a juye

Da an idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, Malama Sa'ida Usaini takan hau soron gidansu da ke Gwale ta duba eriya. Takan girgiza ta ta ji ko iska ta sassauta ta, ta kori tattabarun maƙwabta da suka mai da ita wurin hutawa, sannan ta sauko ta kunna kwamfuta tun kafin ta ɗora ruwan shayi. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana haka. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki a kwalejin fasahar da ta yi wa hidima shekara talatin da biyar, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na sani.

Rediyonta ba irin wanda muka saba ba ne. Ba shi da lasifika, ba shi da abin murɗawa. Wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce yatsa biyu ba, a soke a jikin kwamfuta, kuma manhaja ce ke gaya masa inda zai saurara. Abin da yake saurare shi ne ma'aunan ruwa guda huɗu da wata ƙungiyar unguwanni ta kakkafa a kududdufan cikin gari, domin a san lokacin da ruwa zai haura ya shiga gidajen ƙasa. Injiniya Nazeer, abokin aikinta, shi ya kafa ma'aunan. Amma abin da suke aikowa dogon jerin lambobi ne, ba kai ba gindi. Malama Sa'ida ce ta rubuta ɗan guntun manhajar da ke yanka jerin nan saƙo saƙo, ya gane inda kowanne ya fara, ya zubar da wanda ya gurɓace a hanya, ya sake shirya sauran a siffar da manhajar aika saƙon waya take karɓa: sunan kududdufi, lokaci, tsayin ruwa. Ba wanda ke ganin wannan aikin sai ranar da ya ƙi.

Ya ƙi kuwa, a watan Agusta shekara uku da suka wuce. Ma'aunin kududdufin bayan Goron Dutse ya lalace, Nazeer ya samo wani sabo na wani kamfani daban ya kafa. Daga nan aka kwana biyu ana ruwa. Ranar Alhamis da azahar ya kira ta, ransa a ɓace.

"Malama, sabon nan ma jabu ne. Tun jiya shirme yake aikowa, dubu sittin da huɗu, dubu sittin da biyar. Yanzu kuma ya ce santimita ɗaya. Ana wannan ruwa!"

"Karanto min su a jere, kada ka tsallake ko ɗaya," in ji ta.

Ta ɗauki fensir tana rubutawa a bayan takardar jarrabawa. Kowace lamba a rabe gida biyu take zuwa, babba da ƙarami, manhaja ce ke haɗa su. Tsohon ma'auni babban gida yake fara aikowa, sai ta yi zargin sabon ƙaramin yake farawa da shi. Ta juya gidajen. Dubu sittin da huɗu ta koma ɗari biyu da hamsin. Ɗayan nan da Nazeer yake wa dariyar takaici ta koma ɗari biyu da hamsin da shida. A santimita ɗari biyu da saba'in ruwa ke haura bakin kududdufin.

Ba ta tsaya gyaran manhaja ba. Ta kira Mai Unguwa Gambo, shi kuma ya yi shakka, don a daminar da ta gabata an taɓa tayar da mutane ruwa bai zo ba, ya sha surutu.

"Malama, kin tabbata? Mutane suna cin abinci."

"Ranka ya daɗe, in ya zama ƙarya ka ce ni na sa ka. Ka ba su lambata su zage ni. Amma ka fitar da su kafin la'asar."

Gida goma sha ɗaya aka kwashe zuwa makarantar firamare ta unguwar. Cikinsu har da na goggona Turai, wadda ta rantse ba za ta bar akuyoyinta ba, sai da aka kora su gaba ta bi su tana mita. Kafin magariba katanga biyu suka zube. Ɗaya a kan gadon Goggo ta faɗa, inda take kishingiɗa kullum bayan la'asar. Ba wanda ya ƙwarzane.

Da ƙungiya ta zauna bayan mako guda ana ta yabo, Malama Sa'ida ta miƙe ta ce akwai laifinta, domin ta bari an kafa sabon ma'auni ba ta gwada saƙonsa a kan tebur ba. Ta sake rubuta manhajar yadda za ta duba shaidar kowane ma'auni kafin ta karanta lambarsa, kuma in lamba ta zo a haukace sau uku a jere ta sanar da mutum, ba ta yar da ita shiru ba. A tsakanin layukan ta rubuta bayani da Hausa, saboda wanda zai gaje ta.

Malama, ke ce kika koyi rubuta manhaja kina da shekara arba'in da bakwai, bayan kin ƙare ƙuruciyarki da gyaran rediyoyin ɗakin gwaji. Ke ce mai karanta abin da kowa ya ce shirme ne. Goggo Turai ba ta san mene ne manhaja ba, amma duk Juma'a sai ta aika miki da dambun zogale, ta ce a kai wa matar da ta hana katanga danne ta.

Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya. Ku kuma 'yan'uwa masu aikin da ido ba ya gani, ku yi koyi da ita: ku gwada kafin ku kafa, ku amsa kuskurenku a gaban jama'a, in kuma kun ga ruwa na zuwa ku ɗaga waya, ko da za a zage ku.