Layin da Na Ƙara a Littafin Lamba

Ƙarfe goma da kwata na safe, a agogon hannun dubagari, al'amarin ya fara lalacewa. Na yi aikin lafiya har na ajiye, na manta ranaku da yawa, amma wannan ta ƙi barina. Tunda kun ce in faɗa muku wani abu a kan Baba Hamidu, Allah ya jiƙansa, ita zan ba ku.

Bazarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai ce. Ina ɗaliba, na zo hutu gida Bagudo, sai aka ji agana ta ɓulla a ƙauyukan bakin iyaka. Ku na yanzu ba ku san ta ba: cuta ce mai ƙuraje, mai kwashe yara. Rigakafinta shi ne lamba, a ɗiga magani a damtse, a tsaga fata kaɗan da allura. Maganin ba ya jure zafi. A tulu muke ɗaukarsa, naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, kuma in an buɗe kwalba da safe, kafin azahar ta wuce ya mutu.

Mu uku aka tura: dubagari, wato jami'in tsafta, shi ne shugaba, da malamin lamba, sai ni mai rubuta sunaye. Littafin layi biyu gare shi, suna da sunan uba. Ni da aka koya wa cewa aiki sai da tsari, na sa rula na ja layi na uku, na rubuta "gari" a kansa. Ba wanda ya sa ni.

Baba Hamidu shi ne mai garin ƙauyen da muka sauka. Gajeren tsoho ne, manomi, yana jin Dandanci da Fulatanci kamar Hausa. A gidansa ba ka rabe ɗan cikinsa da na riƙo, akushi ɗaya suke ci. Da ya ji za mu zo, ya aika har ƙauyukan da ke ƙetare, cikin Dahomi wadda yanzu ake kira Benin, don kasuwarsu ɗaya da mutanensa, kuma suna auratayya.

Yana can ruga wajen kiran Fulani lokacin da dubagari ya leƙa littafina. Ya bi layin da yatsa, ya tsaya.

"Ke, waɗannan ai garuruwan Dahomi ne. Takardar ofis ta ce mutanen gundumarmu kaɗai."

Ya share gumi, ya rage murya. "Da ba ki rubuta ba, da ban gani ba. Yanzu kin rubuta, kuma littafin nan ofis za shi."

Aka ce mutanen ƙetare su fita daga layi. Mata suka gyara goyo suka kama hanya. Ta ƙarshensu tana gabana, na riga na fara rubuta ta. Jaririyarta 'yar fari ce, kunya ta hana ta faɗin sunan, don haka na bar gurbin ba komai. Ta dube ni sau ɗaya ta juya.

Da Baba Hamidu ya dawo ya ji, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam dubagari, ita agana wa ya ba ta takardar ƙetare iyaka?"

"Ranka ya daɗe, ba ni na yi dokar ba."

"To. Ɗiyata, mi layi na biyu ya ce?"

Na ce, "Sunan uba, Baba."

"Rubuta Hamidu. Wajen gari, rubuta nan. Duk wanda ya ci tuwon gidana ɗana ne, kuma babu wanda bai ci ba cikinsu."

Dubagari ya daɗe yana kallon tulun. Ya ce in an dawo da su kafin azahar, shi bai ga komai ba.

Tsohon nan ya ɗauki sandarsa ya bi su a ƙasa, cikin ranar da ko jaki ba ya so. Ya dawo ƙafafunsa sun kumbura, mata na biye da shi. Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Duk sun dawo ban da mai jaririyar nan; an ce ta ce ba za a kore ta sau biyu ba. Azahar ta yi, magani ya mutu, muka naɗe kaya.

Daga baya na shiga aikin sosai. Na yi ta zuwa ƙauyen, awon ciki, allurar yara. Kullum Baba Hamidu zai sa a kawo mini fura, ya ce, "Malama mai rula ta iso." Sai in yi murmushi, ina son in tambaye shi labarin jaririyar nan, in koma da tambayata. Tsoron amsar nake ji. Abin da na ɗauka a ranar, wanda nake faɗa wa duk wanda na horar, shi ne kafin ka ƙara layi a takarda ka tambayi kanka wa zai fitar. Mu masu littafi muna tafiya, mutanen gari su ake bari da abin da muka rubuta.

Ya rasu bayan shekaru masu yawa. Na je gaisuwa, gidan ya cika da mutanen ɓangarorin biyu. Da aka ragu, na matsa kusa da matarsa, Inna Hajo, na ce, "Inna, jaririyar nan ta ranar lamba, wadda uwarta ta ƙi dawowa, ina labarinta?"

Ta dube ni, ta gyara carbinta.

"Sai yau? Ta kamu da agana, amma ba ta mutu ba. Ita ta shimfiɗa miki tabarmar ga da kike zaune, ba ki duba fuskarta ba, tabon na nan. Da uwarta ta rasu shi ya ɗauko ta, shi ya aurar da ita. Ya ce in kin tambaya a gaya miki. In ba ki tambaya ba a ƙyale ki, abin da kika ɗauka ya ishe ki."