Kapiten da Ɗankwali

Ran Laraba ba a komawa makaranta da yamma, saboda haka duk yaran layinmu na unguwar New Bell, a birnin Douala, a shagon ɗinkin Kawu muke tarewa, don shi ke da talabijin. Akwai wani wasan kwaikwayo da ake nunawa da Faransanci, na 'yan matan makarantar kwana masu buga ƙwallon hannu. Shugabarsu tana ɗaura jan ƙyalle a damtse, ana kiranta kapiten. In ta ɗaga murya, har malaminsu sai ya saurara. Ni kuwa sai na ji duk duniya ba abin da nake so irin in zama ita. Na tsinci jan ƙyalle a ƙarƙashin keken Kawu na ɗaura, ko wanka da shi nake shiga.

Kakata tana suyar kifi a ƙofar gida. Na je na tsaya mata a ka, na ce, "Kaka, kapiten zan zama."

Ta ɗago daga kasko. "Kapiten? Kifin? To da yaji za a ci ki ko da manja?"

A Douala, kapiten sunan kifin nan ne mai tsoka, kuma ita wanda ta sani ke nan. Kafin magariba gida ya ɗauka. Kowa Kifi, Kifi. Na ji haushi ƙwarai, amma ban kwance ƙyallena ba.

Da aka tashi zaɓen 'yan ƙwallon hannun makarantarmu, na shiga layi. Malamin wasanni ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "La Haoussa, cire ɗankwalin ko ki koma gefe. Ku ai ba ku gudu." Duk Musulmi a wurinsa Bahaushe ne, kuma duk Bahaushiya tallan goro kawai ta iya. Na ce ba zan cire ba. Ba don na fi kowa addini ba, a gida ma sau nawa ake bina da shi. Yadda ya faɗa ne ya tsaya mini a rai. Na koma gefe ina kallon waɗanda na fi gudu ana rubuta sunayensu.

A gida kuka ya ƙwace mini. Kaka ba ta rarrashe ni ba, ba ta iya wannan ba. Sai dai da Laraba ta zagayo, ta sauke kasko, ta biyo ni shagon Kawu, ta kori wani yaro daga kan benci ta zauna. Ko kalma ɗaya ba ta ji a Faransancin. Ta dai ƙura ido har aka gama, sannan ta ce, "Waccan mai ƙyalle a hannu ce kifin? Ita wa ya ce ta kwance nata?"

Washegari ta ɗaure mini ɗankwali irin ɗaurin masu suya, wanda ba ya zamewa komai gumi. Muka hau babur mu biyu har makaranta, tana ƙamshin hayaƙi da manja. Ta tari malamin a tsakiyar fili da Fijin ɗinta, gurɓataccen Turancin nan na kasuwa. Tambaya ɗaya ta yi masa, ta kuma maimaita har sau uku: da kai ake jefa ƙwallon nan, ko da hannu?

Yara suka fashe da dariya. Don ya huce, ya sa ni gola, ya jera manyan 'yan mata ya ce su yi ta jifa. Ta farko ta wuce ni. Ta biyu a hanci ta same ni, na ji gishirin jini a baki. Ya ce, "Ça suffit?" wato ko ya isa haka. Na ce a ci gaba. Na tare da hannu, na tare da gwiwa, ɗaya ma da goshi na tare ta. Ɗankwalin ko motsi bai yi ba.

Ban taɓa zama kapiten ba, wata malamin ya ba muƙamin. Amma ran nan a gabana ya rubuta sunana, yana cin magani, kuma shekara uku ina tsaron ragar makarantar da kaina a ɗaure.

A filin, ran nan, Kaka ta share mini hanci da bakin zanenta, ta ƙara matse jan ƙyallen da ya sassauta a damtsena. Ta ce, "Wuce gaba, Kapiten." Wannan karon ba ta ambaci yaji ba.