Ba Zan Dangwala Ba

Ban yi karatu ba, don haka 'yata ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. In na yi shiru ta san kuka ne, sai ta jira.

Mijina ya yi shekara talatin da wani abu yana ɗaukar kaya a wani sito a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni a nan Jidda, tun muna sababbin zuwa daga Sudan har kansa ya yi fari. Da ciwon sukari ya kama shi, likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa. Shi kuwa Alhaji ba ya yin abu rabi da rabi. Ya ce in dai tafiya magani ce, to gudu ya fi ta.

A lungunmu na Nuzla ya fara gwadawa, bayan sallar asuba. Kowa ya san a unguwarmu babba ba ya gudu sai masu duba iƙama, wato takardar zaman ƙasa, sun shigo. Mai gasa burodi ya hango shi a guje, ya bar tanda a buɗe ya haura katanga. Kafin Alhaji ya kai bakin titi maza wajen goma na biye da shi, wani ko takalmi babu. Da ya tsaya yana haki suka ce, "Alhaji, ta ina suka shigo?" Ya ce, "Su wa?" Sai da ya bi gida-gida yana ba da haƙuri.

Bayan wannan ne wani abokin aikinsa, sa'an ɗanmu, da ke zaune a unguwar Bani Malik, ya gaya masa suna da ƙungiya. Duk Juma'a sukan cika mota su nufi hanyar Ɗa'ifa. Akwai wani kwazazzabo a can tsakanin duwatsu, su wadi suke ce masa, su shiga ta ƙasa su hau da gudu har ƙoli. Direba ya zagaya ta titi ya jira su a sama da shayi da dabino. Wannan abokin aikin nasa shi ne jagoransu.

Tsarinsu shi ne, jagora yana gaba yana ɗaura ƙyalle a jikin ƙaya ko a kan dutse duk inda hanya ta rabu, don kada wani ya ɓata. Na ƙarshe kuma yana tafe yana kwancewa, ba a barin komai a dutse. Na ƙarshen nan ba ya wuce kowa. In wani ya gurɗe ƙafa, shi zai tarar da shi. Alhaji ne aka ba wannan aikin, tunda ya fi kowa shekaru, ya fi kowa nawa. Ƙyallayen ma daga wurina suka fito, wani tsohon zanena ne rawaya na yayyanka masa da almakashi ina yi masa tsiya.

"Tsoho da kai, me ke korarka a dutse?"

"Babu. Daɗin ke nan."

Shekara uku yana haka. Yakan dawo gwiwa duk ƙurje, ya zauna a tabarma yana cin wake da burodi kamar wanda ya kwana bakwai da yunwa, yana ba ni labarin birai da suka sace masa dabino. Ni da na zauna da shi shekara arba'in ban taɓa jin yana surutu irin na ranar Juma'a ba.

Wata Juma'a bai iso sama ba. Sun saba jiransa, kullum shi ne na ƙarshe, don haka suka zauna shan shayi. Sai da rana ta ɗaga sosai jagoran ya sauka nemansa. Ya tarar da shi ya riga ya cika. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Aka yi masa salla, aka kai shi, ni kuma na shiga takaba.

Babban ɗana direba ne. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, kuma tun yana ƙarami ba na iya dogon magana da shi. Ya zo mini da takarda ranar da aka yi sadakar arba'in. Ya ce ƙara ce, an rubuta ta da sunana, domin kukan matar mamaci ya fi nauyi a wurin hukuma. A ciki an ce jagoran ya ɗauki tsoho mai ciwo ya kai shi dutse ya bar shi shi kaɗai. Abin da ya rage in dangwala yatsa.

Na san abin da takardar nan za ta yi. Yaron nan baƙo ne kamar mu. Ko ba a ɗaure shi ba, da zarar kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ji sunansa ya shiga ofis, halas, shi ke nan, aikin ya tafi, iƙama ta bi shi, a tattara shi da matarsa da 'ya'yansa biyu a mayar da su ƙasar da 'ya'yan ba su taɓa gani ba. Ɗana ma ya sani. Abin da yake so ke nan.

Na ce, "Ajiye. Ina cikin takaba."

Ya ce, "Inna, takaba ba ta hana yatsa."

"Ta hana nawa."

Matan lungu suka yi ta shigowa gaisuwa, kowace da nata. Wata ta ce ai gudun banza ne ya kashe shi. Wata ta ce yaran nan ne suka mai da dattijo abin wasa, in ban dangwala ba na ci amanarsa. Ina kuka ina jinsu. A wasu ranakun ni ma nakan ji kamar in miƙa yatsan a huta, don in na tuna yana can shi kaɗai, ba mai ɗiga masa ruwa, ba mai laƙana masa kalmar shahada, sai in ji na tsani duk wanda ya taɓa sa takalmin gudu.

Da na fita takaba ɗana ya dawo da takardarsa. Na ce ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba. A kai ni wurin.

"Wane wurin?"

"Inda ubanka ya rasu."

"Inna, dutse ne fa. Ke da ko matakalar gidan nan sai kin huta."

"To sai in huta. Kai ne muharramina, kai za ka kai ni. In ka ƙi, ka ɗauke takardarka."

Juma'ar da ta biyo muka tafi. Na ɗaure abayata da zane a ƙugu, na ari takalmin 'yata, na ɗauki sanda. Da muka isa bakin wadin muka tarar da su, wajen mutum goma sha biyu. Tun rasuwar ba su sake hawa ba, jagoran ne ya tara su don na aika masa. Suna ganina suka sunkuyar da kai. Na ce su yi gudunsu yadda suka saba, ina so in gani da idona.

 Sai wani ya ce yalla, mu je, suka shiga. Na tsaya ina kallo. Ashe ba gudu ba ne irin na fili. Hanyar siririya ce, bango na dutse dama da hagu, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Inda ta miƙe tsaye sai su dafa gwiwa da hannu su tura, inda ta ɗan kwanta su zabura. In dutse ya ɓalle, na gaba ya yi kira, na baya su maƙale a bango. Jim kaɗan sai muryoyinsu kawai nake ji suna amsa kuwwa.

Mu uku muka bi: ni, da ɗana, da jagoran a bayanmu. Inda suke cinyewa a rabin sa'a, ni sai da na yi kusan sa'a uku. Na hau da ƙafa, na hau da hannu, wani wurin da gindi na ja. Ɗana kuwa, da tumbinsa na direba, ya fi ni neman wurin zama.

Na ce, "Ubanka da sukarinsa yake wuce nan a guje."

Ya ce, "Shi ya sa ai muke nan."

Na ci gaba da hawa, don gaskiya ya faɗa.

Wurin wani ɗan lungu ne mai inuwa, ƙarƙashin wani ƙaton dutse da ya leƙo. Jagoran ya nuna da hannu, ya ce, "Nan ne, Hajiya." Na zauna daidai wurin na jingina. Daga nan ana ganin wadin duka ya gangara har inda motoci suka koma kamar tururuwa. Iska mai sanyi na kaɗawa, irin wadda ba ta zuwa Nuzla. Na yi kuka har na gode Allah. Ba wanda ya ce in yi shiru.

Da na share fuska na ce wa jagoran ya faɗa mini yadda ya same shi, kada ya rage komai.

Ya ce a zaune ya same shi, ba faɗuwa ya yi ba. Ya cire takalmi ya jera su gefe. Gorar ruwansa da saura a ciki, a rufe. Yatsansa na shahada a miƙe a kan cinya.

Na ce, "Ku kuma kuna ina?"

Ya ce, "Muna sama, Hajiya. Muna dariya. Ni da bakina na ce a rage wa Alhaji shayi, yana can yana hira da birai."  "Sa'a guda muka yi. Wannan laifina ne, ba zan ɓoye ba."

Ɗana ya ce, "Kin ji da kunnenki, Inna."

Na ce, "Na ji." Na juya ga jagoran. "Shekara uku, ba ku taɓa tunanin haɗa shi da wani ba? Tsoho mai ciwo?"

Ya ce sun haɗa shi, sau biyu. Sau biyun yana koro mutumin. Ya ce Alhaji ya gaya masa, shekara talatin yana aiki da wani tsaye a ƙeyarsa yana cewa yi sauri, wannan ne kaɗai wurin da ba kowa a bayansa, in aka sa masa mai gadi to ya daina zuwa.

Da ƙarya yaron ya yi da na gane. Wannan maganar ko a cikin dubu na san ta Alhaji ce, har da yadda zai ɗaga haɓa in ya faɗe ta.

Ɗana ya zaro takardar daga aljihu, da ɗan akwatin tawada. Ashe har dutsen ya hau da su. Ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, da akwai mutum a bayansa, da wataƙila yana raye."

Na ce, "Wataƙila."

"To?"

"To ba zan dangwala ba. Takardarka ta ce an ɗauki ubanka an kawo shi nan kamar buhu. Ubanka da ƙafarsa ya zo. Ba zan sa yatsana a ce mijina ba shi da wayon kansa ba, kuma ba zan kori 'ya'yan wani daga gidansu don in huce ba."

Ya ce, "Zan iya kai ta ni kaɗai."

"Za ka iya. Ba da yawuna ba."

Sannan na ce wa jagoran kada ya ɗauka na wanke shi. Sa'ar nan guda da suka yi suna dariya, tsakaninsa da Allah ne, ni ban kai ga yafe ta ba tukuna. Daga yau kuma mutum biyu ne a baya, ko na ƙarshen ya yi zagi ya yi rantsuwa. Ya ce ya ji.

Saukowa ta fi hawa wuya. Ɗana ne ya riƙe ni har ƙasa, bai saki hannuna ba. Muka koma Jidda. Ya yi wata guda bai taka gidana ba, matarsa ce ke kawo mini abinci. Yanzu yana zuwa, ya gaishe ni a tsaye ya tafi. Bai kai takardar ba. Matan lungu har gobe suna cewa tsufa ya taɓa mini kai, wai na bar jinin mijina ya tafi a banza. Su yi ta faɗa. Cikinsu ba wadda ta hau dutsen nan. Yaron yana nan a Bani Malik da iyalinsa, yana zuwa aikinsa. Ni kuma duk Juma'a ina kukana, kuma ko gobe aka sake kawo mini takardar, amsar ita ce dai.