Kawu da Gwangwanin Kwalabe

Ƙarfe huɗu na yammacin Talata na tsuguna gaban keji na uku, na matse yatsan ƙafar karen. Bai janye ba. Na koma ɗaya ƙafar, wadda ba mu yi wa aiki ba, na matse har hannuna ya yi zafi. Shiru. Idonsa garau, har yana lasar gwiwata, amma daga ƙugu zuwa ƙasa kamar jiƙaƙƙen buhu. Allurar kashe zafin da na yi masa a gadon baya da ƙarfe tara ya kamata ta sake shi tun azahar. 

Watana biyar da gama karatun likitan dabbobi. Mutumin da ya riƙe mini karen da safe kuwa shekararsa talatin da ɗaya a wannan asibiti. Kowa Kawu yake ce masa, har babban likita. Da tsintsiya ya fara, aka ga dabba ba ta yi masa gardama, sai aka mai da shi mai riƙo. Ɗan yatsansa na hagu a karkace yake tun cizon wani karen gadi, yakan ce kare ne ya sa masa hannu a takardar ɗaukar aiki. Matarsa har yau ba ta yarda ya shiga ɗaki sai ya yi wanka, wai ita ba da karnuka aka ɗaura mata aure ba. Ya aurar da 'ya'ya mata huɗu, babu wadda ta taɓa leƙo wurin aikinsa.

Ba ya karatu, amma ya san kowane magani da launin murfinsa. Yana da wani tsohon gwangwanin madara a bayan tagar ɗakin tiyata. Duk dabbar da aka yi wa allura a baya, sai ya ɗauki kwalbar da aka zuƙe ya jefa ciki, ba zai zubar ba sai ya ga dabbar ta taka da ƙafarta. Na taɓa yi masa dariya. Ya ce, "Ƙaramar likita, ke takarda kike ajiyewa, ni kwalba. Tawa ba ta jiƙewa."

Tun bara hannunsa ya fara rawa. Kofin shayi ma da hannu biyu yake ɗauka. Babban likita ya faɗa a gabanmu cewa ranar da dabba ta suɓuce masa a kan tebur, ranar zai koma gida ya huta.

Karen na wani mai facin taya ne, mota ce ta buge karen ta karya masa cinya. Aka sa shi barci, Kawu ya kwantar da shi rub da ciki, ya jawo ƙafafun baya gaba, ya aske masa wuri kamar tafin hannu a saman ƙugu. Babban likita yana can yana wanke hannu, ya ce in yi allurar, ai na sha gani. Akwai ɗan gurbi tsakanin ƙasusuwa biyu, nan allura ke shiga, maganin ya kwanta kusa da jijiyoyi ya kashe zafi. Na laluba, na soka, na ci karo da ƙashi. Na sake. A karo na uku na ga ɗan jini a gindin allurar. An koya mana in an ga jini a zare a kira babba. Ni kuwa kunyar kiran ta hana ni, na ɗan gyara allurar na tura maganin. Hannun Kawu na kan karen, ko motsi bai yi ba.

Da yammacin Talatar nan, abin da na fara fata shi ne na ɗauki magani mai daɗewa a jiki bisa kuskure, in haka ne zuwa dare zai sake shi. Kawu ya zazzage gwangwani a tafinsa ya miƙo mini kwalbar. Daidai take. Saura hannu ke nan, nawa ko nasa.

Da babban likita ya tambayi abin da ya faru, kafin in buɗe baki Kawu ya ce ƙafar ce ta zame masa lokacin da allura ke ciki. Likita ya daɗe yana kallon hannunsa, bai yi faɗa ba. Ya ce Kawu ya ƙarasa makon, daga nan ya koma gida ya huta.

Na sami Kawu a bayan asibiti yana wanke kwanukan karnuka. Na ce masa ƙafar ba ta zame ba, ina wurin.

"Na sani, 'yata. Ni dama saura kaɗan. Gwiwa ta gaji, baya ya gaji. Ke ko takalminki bai tsufa ba."

Na ce ba zan iya barin laifina a kansa ba. Ya ce to in bari ya gama kwanukan tukuna, ƙuda na taruwa.

Kwana biyu ina zagaye ƙofar ofishin likita kamar mai neman abin da ya faɗi. Mai faci yana zuwa kullum da hantsi, hannunsa baƙi ƙirin, ya zauna gefen keji ya tambaye ni ko yau ya motsa. Kawu kuwa duk bayan sa'o'i huɗu zai juya karen, ya matse masa mara ya yi fitsari, ya murza ƙafafun yana yi masa tsiya, wai malalaci ya samu gado kyauta.

Jiya na shiga na faɗa wa likita komai, har jinin. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce mai yiwuwa jini ne ya taru ya danne jijiya, mai yiwuwa kuma tun bugun motar akwai raunin da ba mu gani ba. Bai ce komai game da ni ba, bai kuma janye maganar sallamar Kawu ba. Ya ce sai an ga hoto.

Yau da safe aka kai karen babban asibiti a ɗauki hoton bayansa. Kawu ne ya ɗauke shi zuwa mota, bai bar kowa ya taya shi ba. Sun ce sakamako sai gobe ko jibi. Kwalbar tana nan cikin gwangwani. Har yanzu ba su kira ba.