Baba Maiwada da Mai Farar Gira

Kullum bayan sallar asuba Baba Maiwada yakan ɗauki sandarsa ya gangara fadamar Kurmin Kogi, ya tsuguna bakin ruwa. Ba kifi yake nema ba. Tsuntsaye yake kallo, baƙin nan masu dogayen ƙafafu da ke zuwa daga nesa in damina ta doshi ƙarshe. A garinmu ba a dashen albasa sai ɗaya daga cikinsu, mai farar gira, ta sauka, kuma shekara arba'in shi ke cewa ta iso. Wannan ne rubutuna na farko, in na yi tuntuɓe a yafe mini.

Shekarar da aka sami mulkin kai, Tanko manomi ya shelanta cewa ya gan ta. Mairama, wadda mijinta ya rasu bai bar mata komai ba sai irin albasa, ta sami Baba.

"Baba, gobe zan dasa. Tanko ya gan ta."

"Tankon da bai iya bambance agwagwa da zabuwa ba?"

Ya wuni yana kallo, sannan ya kira ta. "'Yata, wannan ƙanwarta ce. Dubi yadda take kaɗa wutsiya, ga fari ya hau kafaɗarta, bayanta kuma ba ɗigo. Tamu ƙafarta rawaya, bayanta kamar an yayyafa gari, girarta ta wuce ido. Ki jira."

Tanko ya ce tsufa ya ci idon Baba. Rabin gari suka dasa. Mairama ta kwana takwas tana duban irinta yana tsufa, ko abinci ba ta iya ci. Ran na tara kogi ya sake cika, ya kwashe duk abin da aka dasa. Da mai farar girar ta sauka ta dasa nata, har ta sam wa Tanko iri.

Kai ne idon Kurmin Kogi, Baba. Ba ka taɓa karɓar ko goro ba, kuma ba ka taɓa yi wa Tanko gori ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu da muka shiga makaranta, mu koyi kallo kafin magana.

Yanzu yanar ido ta rufe masa gani. Mairama ke riƙe masa sanda zuwa fadama. Jiya na ji ta tana cewa, "Ƙafa rawaya, Baba. Gira ta wuce ido."

"Bayan fa?"

"An yayyafa gari."

Ya yi murmushi. "To, a faɗa wa Tanko."