Jakin Kakata Ya Sake Tafiya

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, bayan farin da ya share dabbobin mutane, ina lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa. Ni ce mai zama a bencin ƙarshe. In mushe, wato malaminmu, ya yi mini tambaya, ƙafafuna nake ba amsa.

Wata rana aka kawo mana baƙo mai yin silima da zane, irin zanen nan da ke motsi. Ya ce kowa ya rubuta labarin fari, ɗaya zai zaɓa ya zana. Nan take na tuna jakin kakata a Kona, wanda yunwa ta kayar a bakin rijiya. Tun daga ranar kaka ba ta ƙara zancensa ba. Ni kuwa so nake ta sake ganinsa yana tafiya.

Na zuba gwaninta: "Zuciyar tsohuwa ta cika da baƙin ciki." Baƙon ya karanta, ya dube ni.

"Ɗiyata, baƙin ciki mi ne ne kalarsa? Fensir gare ni, ba ɗan wasa ba. Abin da ba ki rubuta ba, babu shi."

Ya nuna mana tsarin rubutun silima a tablo, allon ajinmu. Layin farko da manyan baƙaƙe: WAJE, BAKIN RIJIYA, HANTSI. Ƙarƙashinsa, abin da ido ke gani kawai. Sunan mai magana a tsakiyar layi, maganarsa a ƙasa. Ko kukan jaki sai an rubuta.

"Wanga ai ba labari ba ne, awo ne!" in ji maƙwabciyata a benci.

Ni kuwa daɗi ya kama ni, don kallo shi ne abin da na iya. Na rubuta cewa jaki yana ɗaga kunnen hagu kafin na dama. Yana tsayawa duk inda kaka ta saba gaisawa da mutane, ko da babu kowa. Da ya faɗi, kaka ta kwance igiyarsa, ta naɗe, ta tafi ba ta waiwaya ba.

Nawa aka zaɓa. Aka ce in karanta wa aji, na miƙa wa mushe takardar, sai shi ya karanta.

Bayan watanni baƙon ya dawo da injinsa na nuna silima. Aka toshe tagogi da tabarmi, kawuna ya kawo kaka a amalanke. Jaki ya bayyana a bango, ya taka, ya taka, sai ya tsaya cik.

Kaka ta miƙe tsaye. "Ɗan banza! Har yanzu kana tsayawa gaisuwa?"

Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta yi ta yi tana share ido da bakin mayafi.

Har yau ba ni da baki cikin taro, kuma na daina jin kunyar haka. Na dai san ranar da na sa tsohuwa ta zagi jakinta a gaban mushe.