Ranar da Kawu Ya Kunna Shiru

Kawuna ya yi shekara ashirin da shida yana koyar da sauraron kiɗa a kwalejin horar da malamai. Sauraro fa, ba kaɗawa ba, don shi ko gwangwani bai iya bugawa ba. Ɗalibai suna kiransa Malam Me-Ka-Ji, saboda tambayarsa ke nan duk sanda waƙa ta ƙare. Su kuwa ja'irai sai su faɗa masa gaskiya: wani ya ji barci, wata ta ji yunwa, na bakin taga ya ji warin kwata. Ya hana gyaɗa kai a ajinsa, ya hana kalmar "daɗi". Duk wanda ya rubuta "waƙar ta yi daɗi" sifiri ne, wai ai ba miya aka ba shi ba.

Sai kunnensa ya fara mutuwa. Mu a gida mun sani, don sai an ɗaga murya yake juyowa, amma a makaranta ya ɓoye. Shugaban kwalejin dama dalili yake nema ya soke darasin, ya mai da ɗakin sito.

Wata Talata Kawu ya saka faifai, ya danna, ya lumshe ido. Ashe wayar lasifika a cire take. Minti goma sha biyu mutum arba'in suka yi tsit, kowa na tsoron kada a ce shi kaɗai ne bai ji ba.

"To, ku rubuta abin da kuka ji," in ji shi.

Ni na taya shi ɗauko takardun zuwa gida. Wani ya cika shafi biyu a kan ƙarar fanka, ya ce ba ta da amshi. Wani ya yaba wa kukan da kujerar baya take yi. Kawu na karantawa yana tsaki, har ya zo kan takardar wata ɗaliba mai zama a gaba. Ta rubuta cewa malam ne ya rera waƙar da hanci daga farko har ƙarshe, bai tsallake gaɓa ko ɗaya ba, sai dai muryar "tana buƙatar ɗan gyara".

Ya daɗe yana kallon takardar. Tausayinsa ya kama ni, na rasa inda zan sa idona.

"'Yar nan, miƙo min jan biro."

Ya ba ta bakwai cikin goma. A ƙasa ya rubuta: "Kin ji daidai, amma kin ji tsoro. Mawaƙin ya kurmance. Sake rubutawa ki faɗa ƙarara, ki kai wa shugaba kwafi."